Baƙi'a: Maƙabartar Mutanen Madina

Maƙabartar Baƙi'a tana gabas da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a birnin Madina. A yau ba abin da ya raba su sai farfajiyar masallacin. Faɗinta ya kusa murabba'in mita 175,000, kuma an kewaye ta da katanga mai tsayin mita 4. Tun shekarar farko ta Hijira ake binne mutane a cikinta, har gobe kuma ba a daina ba, domin da wuya a idar da sallar farilla a masallacin ba a fito da gawa an nufi ƙofarta ba. Shekara fiye da 1,400 ke nan ana wannan zirga-zirga. Alhazai sun san Baƙi'a a matsayin wurin ziyara, makwancin sahabbai da iyalan gidan Annabi. A wurin mutanen Madina kuwa maƙabartar gari ce, inda aka kai kakanninsu, inda kuma za a kai su idan kwana ya ƙare.

Kafin Hijira, Madina, wadda ake kira Yasriba a lokacin, ba dunƙulallen birni ba ce. Unguwanni ne a warwatse cikin gonakin dabino, ƙabilun Aus da Hazraj da na Yahudawa kowa da yankinsa, kowa kuma yana binne nasa kusa da gida. Wurin da ya zama Baƙi'a fili ne da wani itace mai ƙaya da Larabawa ke kira garƙad ya cika shi, shi ya sa tsofaffin littattafai ke ce masa Baƙi'ul Garƙad. Filin yana bayan gidaje, amma bai yi nisan da za a kasa ɗaukar makara a kafaɗa a kai ta ba.

Wanda aka fara binnewa a nan daga cikin mutanen Madina, wato Ansar, shi ne As'ad ɗan Zurara, shugaban Banu Najjar, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin mubaya'a a Aƙaba. Shi ne ya sauki Mus'ab ɗan Umair a gidansa lokacin da aka turo shi koyar da Alƙur'ani. Ya rasu a shekarar farko ta Hijira, ana tsakiyar ginin masallaci. Daga cikin Muhajirai kuwa, waɗanda suka baro Makka, na farko shi ne Usman ɗan Maz'un.

Jana'izar Usman ɗan Maz'un ta bar wani abu da malamai suka daɗe suna kafa hujja da shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa da aka gama rufe shi, Annabi ya umarci wani mutum ya kawo dutse. Mutumin ya gwada, ya kasa ɗagawa. Sai Annabi da kansa ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauko dutsen ya ajiye a wajen kan mamacin. Wanda ya ba da labarin ya ce har lokacin da yake magana kamar yana ganin farin damatsan Annabi sa'ad da ya yaye su. Annabi ya bayyana dalilinsa: yana so ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. Dutse ɗaya ne, ba gini, ba rubutu, amma an ajiye shi ne don kada wurin ya ɓace.

Haka kuwa aka yi. 'Yar Annabi, Nana Ruƙayya, ta rasu a shekara ta 2 ta Hijira, a daidai lokacin da albishir na nasarar Badar ya iso Madina. 'Yan'uwanta suka biyo baya, Zainab a shekara ta 8, Ummu Kulsum a ta 9. Sa'ad ɗan Mu'az, shugaban Aus, wanda kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ, nan aka kai shi a shekara ta 5. Shahidan Uhudu dai ba a nan suke ba. Wasu iyalai sun fara ɗauko nasu zuwa cikin gari, sai aka yi shela a mayar da su a binne su inda suka faɗi. A shekara ta 10, wato farkon 632 na Miladiyya, ɗan Annabi, Ibrahim, ya rasu bai cika shekara 2 ba. A ranar aka yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne, Annabi ya gyara musu da cewa rana da wata ba sa yin kusufi don mutuwar wani ko haihuwarsa. Ibn Sa'ad ya kawo cewa bayan binne Ibrahim ne mutane suka yi sha'awar wurin sosai. Suka sare itatuwan ƙaya, kowace ƙabila ta ware nata ɓangare, har kowa ya san inda nasa suke. Daga nan Baƙi'a ta zama maƙabartar gari baki ɗaya, Aus da Hazraj da suka yi shekaru suna yaƙar juna suka koma kwanciya a fili ɗaya.

Annabi ya kasance yana yawan ziyartar wurin. A cikin Sahih Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin yadda yakan fita a ƙarshen dare ya je ya yi wa mutanen Baƙi'a sallama, ya nema musu gafara, da kuma daren da ta lallaɓa ta bi bayansa ta gan shi tsaye ya daɗe, yana ɗaga hannuwansa. A daren ne ya koya mata abin da za ta faɗa idan ta ziyarci maƙabarta. Gab da rashin lafiyarsa ta ƙarshe ma ya je da tsakar dare tare da baransa Abu Muwaihiba. Waɗannan ruwayoyi, da hadisin da ke kwaɗaitar da wanda ya samu iko ya yi ƙarshensa a Madina, su ne tushen darajar Baƙi'a a zukatan Musulmi.

Shi Annabi a ɗakin Nana A'isha aka binne shi, daga baya aka sa Sayyadina Abubakar da Sayyadina Umar kusa da shi. Sauran na kusa da shi yawanci Baƙi'a aka kai su. Matansa duk suna nan in ban da biyu: Nana Khadija da ke Makka, da Maimuna da aka binne a Sarif, kusa da Makka. Nana A'isha ta bar wasiyya a sa ta tare da abokan zamanta, aka kuwa binne ta da dare a shekara ta 58, Abu Huraira ya yi mata salla. Baffan Annabi, Abbas, da Abdurrahman ɗan Auf, da Abdullahi ɗan Mas'ud, su ukun a shekara ta 32 suka rasu. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas a gidansa na Aƙiƙ ya cika, a wajen gari, aka ɗauko shi a kafaɗa har Madina. Game da Nana Faɗima, masana tarihi sun rabu: wasu sun ce a Baƙi'a take, wasu sun ce a ɗakinta aka binne ta, wanda daga baya ya shiga cikin masallaci. Alƙali Iyal ya ruwaito daga Imamu Malik cewa sahabbai kimanin 10,000 ne suka rasu a Madina, sauran suka bazu cikin ƙasashe.

Faɗaɗa maƙabartar na farko ya samo asali ne daga fitina. An kashe Sayyadina Usman ɗan Affan a gidansa a ƙarshen shekara ta 35, wato 656, gari yana hannun 'yan tawaye. Mutane ƙalilan ne suka iya fita da gawarsa cikin dare, kuma ba su samu damar shiga Baƙi'a da ita ba. Sai suka binne shi a wani lambu da ke bayanta ta gabas, mai suna Hashshu Kaukab. A zamanin Mu'awiya, lokacin da Marwan ɗan Hakam ke gwamnan Madina, aka rushe katangar da ta raba lambun da maƙabarta, aka haɗe su. Banu Umayya suka riƙa binne nasu kewaye da shi. Wannan ne dalilin da ya sa mai ziyara yau sai ya yi tafiya mai ɗan nisa daga ƙofa kafin ya isa kabarin halifa na uku. Sayyadina Hasan, jikan Annabi, ya so a sa shi kusa da kakansa, amma da aka ga abin zai jawo rikici sai aka kai shi Baƙi'a. Kusa da shi aka binne Ali Zainul Abidin, da Muhammadul Baƙir, da Ja'afarus Sadiƙ wanda ya rasu a shekara ta 148. A shekara ta 63 kuma rundunar Yazid ta afka wa Madina a yaƙin Harra, an kuma ware wa wasu daga cikin waɗanda aka kashe wuri guda a cikin maƙabartar.

Akwai kaburbura biyu a jere da suka shafi mutumin ƙasar Hausa kai tsaye. Ɗaya na Imamu Malik ɗan Anas ne, wanda ya rasu a shekara ta 179, wato 795, malamin da ya yi rayuwarsa a Madina yana karantarwa a masallacin Annabi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malam a zaure ya buɗe Ahalari, ko Ishmawi, ko Iziyya, ko Risala, mazhabar wannan bawan Allah yake karantawa. Na kusa da shi ana ce masa kabarin Nafi'u. Wasu marubuta sun ce Nafi'u ne baran Abdullahi ɗan Umar, malamin Malik a fannin hadisi. Wasu sun ce Nafi'u ne mai ƙira'a, wanda ya rasu a shekara ta 169, wanda Warshu ya taso daga Masar ya zo ya yi karatu a gabansa. Dukansu biyu a Madina suka zauna, a nan suka rasu. Ruwayar Warshu daga Nafi'u ita ce almajirai ke rubutawa a allo a tsangayun Kano da Borno da Damagaram. Fiƙihun da aka gada a ƙasar Hausa da karatun Alƙur'aninta, kowanne idan aka bi silsilarsa sai ta dire a wannan gari.

Wannan saɓani a kan Nafi'u yana nuna wani abu da ake yawan mantawa. Ɓacewar sunaye a Baƙi'a tsohon al'amari ne. Mutanen farko ba sa gini a kan kabari, ba sa rubutu, ana kuma binne sabo a kan tsoho idan zamani ya ja. Tun ƙarni na biyu da na uku na Hijira marubuta irin su Ibn Zabala da Ibn Shabba suka shiga tattara abin da dattawan Madina suka riƙe a ka: wane yana kusa da gidan Aƙilu ɗan Abi Ɗalib, wance tana bakin lungu kaza. Samhudi, babban masanin tarihin Madina da ya rasu a 1506, ya tace waɗannan ruwayoyi a littafinsa Wafa'ul Wafa, ya kuma nuna cewa mafi yawan sahabban da ke Baƙi'a ba a san takamaiman wurinsu ba. Cikin dubban da ake magana, waɗanda ake iya nunawa da yatsa ba su taka kara sun karya ba.

A kan waɗannan 'yan ƙalilan ne sarakuna da wazirai suka fara ɗora ƙubbobi. A ƙarshen ƙarni na 11 na Miladiyya, wani waziri na daular Saljuƙawa mai suna Majdul Mulk ya sa aka gina babbar ƙubba a kan Abbas da Hasan. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya zo Madina a 1184, ya bayyana abin da ya gani: doguwar ƙubba kusa da ƙofa a kan Abbas da Hasan, kaburburan an ɗaga su daga ƙasa an lulluɓe da katako mai adon tagulla, farar ƙubba a kan Ibrahim, 'yar ƙarama a kan Malik, wata kuma can ƙarshen fili a kan Usman. Ibn Baɗuɗa da ya zo a 1326 ya tarar da kusan haka. Sarakunan Masar da na Turkawa suka ci gaba da gyara da ƙari. A wancan zamani Baƙi'a tana wajen ganuwar birni, ana fita gare ta ta wata ƙofa da ake kira da sunanta.

An rushe waɗannan gine-gine sau biyu. Na farko a wajajen 1806, bayan daular Saudiyya ta farko, mabiya da'awar Shehu Muhammad ɗan Abdulwahhab, ta karɓi Madina. Sojojin Muhammad Ali Pasha na Masar suka ƙwato garin a 1812 da sunan Sarkin Musulmin Turkawa. Wani matafiyi ɗan Siwizalan, Burckhardt, da ya shiga Madina a 1815, ya tarar da maƙabartar tsibin ƙasa ne da ramuka da ɓaraguzai. Daga zamanin Sultan Mahmud na Biyu aka sake ginawa, kuma hotunan da wani hafsan Masar, Ibrahim Rif'at Pasha, ya ɗauka a farkon shekarun 1900 sun nuna fararen ƙubbobi a jere.

Na biyu shi ne wanda ya zauna. Madina ta miƙa wuya ga rundunar Sarki Abdul'aziz a watan Disamba na 1925. Babban alƙali, Abdullahi ɗan Bulaihid, ya zo garin ya nemi fatawar malamansa a kan gini bisa kabari, wasu daga cikinsu suka sa hannu cewa haramun ne. A ranar 8 ga Shawwal 1344, daidai da 21 ga Afrilu 1926, aka baje ƙubbobin Baƙi'a gaba ɗaya. Koriyar ƙubbar da ke kan ɗakin Annabi ba a taɓa ta ba. Wani Bature, Eldon Rutter, da ya je a shekarar, ya kwatanta wurin da garin da girgizar ƙasa ta rusa. Aka yi ta zanga-zanga a Indiya da Iran, kuma har yanzu 'yan Shi'a na tunawa da ranar duk shekara a matsayin ranar baƙin ciki.

Hujjar masu rushewa sananniya ce: hadisin da Sayyadina Ali ya aiki Abul Hayyaj ya daidaita duk kabarin da aka ɗaga, da hadisin Jabir da ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da gini a kansa, da zama a kansa. Sun kuma ce jahilai sun mayar da wuraren wajen roƙo da shafe-shafe. Masu adawa suka ce al'umma ta yi ɗaruruwan shekaru da waɗannan gine-gine a gaban manyan malamai, kuma an yi gaggawa a kan abin da ya shafi Musulmin duniya baki ɗaya. Mazhabar Malik dai ta karhanta gini a kan kabari, ta haramta shi idan don alfahari ne, amma ta halatta sa alama kamar dutse ko itace don a bambance. Tsakanin ƙubba mai adon tagulla da mantuwa akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne dutsen Usman ɗan Maz'un yake. Abin takaici a yau shi ne jagora biyu za su tsaya da tawagar alhazai a gaban tudu ɗaya, kowa ya kira sunan sahabi dabam. Da za a tsaya a kan taswira ɗaya ingantacciya, wadda aka ciro daga Ibn Shabba da Samhudi, a koya wa masu yi wa alhazai jagora, da an rage wannan ruɗani ba tare da an ɗora bulo ko ɗaya a kan kabari ba.

Bayan 1926 tarihin Baƙi'a ya koma na faɗaɗawa. An haɗe mata wani ɗan ɓangare da ake kira Baƙi'ar gwaggwanni, inda ake cewa Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib take, wanda a da lungu ya raba shi da babbar maƙabarta. Ganuwar birni ta tafi. Tsohuwar unguwar Agawat, ta bayin nan masu hidimar masallaci waɗanda asalin yawancinsu daga Afirka ne, wadda ke tsakanin masallaci da maƙabarta, an rushe ta a shekarun 1980 lokacin aikin faɗaɗa masallaci na Sarki Fahad. A zamaninsa ne kuma aka sayi filaye da gidaje ta gabas aka ƙara, maƙabartar ta kai girmanta na yanzu, aka shimfiɗa hanyoyin ƙafa a cikinta, aka gina wurin wankan gawa a gefenta.

Wanda ya shiga yau zai hau 'yar gangara daga farfajiyar masallaci, ya wuce ƙofar ƙarfe, sai ya ga fili iya ganinsa: tudun ƙasa gajeru a jere, kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, kowanne da baƙin dutse a kai, babu suna, babu kwanan wata. Sanannun kaburbura an kewaye su da 'yan duwatsu kawai. Tantabaru sun cika ko'ina. Idan liman ya sallame, sai a ji sanarwar sallar gawa, a yi kabbara huɗu, nan take ɗaukar makara ta kankama. Ana tafiya da sauri, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa, kuma yawancin masu ɗaukar ba su san mamacin ba. Ɗan Indonesiya zai kama gaba, Bahaushe ya kama baya, Baturke ya karɓe shi. An riga an haƙa kaburbura a jere suna jira. Cikin 'yan mintoci an sa shi, an jera tubali, an zuba ƙasa, an tsaya ana roƙa masa tabbata.

Ana buɗe wa masu ziyara ƙofa ne bayan sallar asuba da bayan la'asar, maza kaɗai. Hukumomin Saudiyya suna bin fatawar da ta hana mata ziyarar maƙabarta, duk da cewa wasu malamai, har da na Malikiyya, sun halatta da sharuɗɗa, suna kafa hujja da addu'ar da aka koya wa Nana A'isha. Shi ya sa ake ganin hajiyoyi tsaye a bakin katanga suna leƙe ta tsakanin ƙarafa, suna sallama daga nan. A ƙofar akwai alluna cikin harsuna daban-daban da ke bayanin ladubban ziyara, da jami'ai masu hana ɗibar ƙasa ko roƙon mamata.

Mutanen Afirka ta Yamma suna da nasu kaso a wannan ƙasa. Tun zamanin da ake tafiya Hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, da yawa daga cikin waɗanda Larabawa ke kira Takari sun zauna a Madina har suka tsufa. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umarul Futi, wanda ya yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, a Madina ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1931. Shehu Umar Fallata, malamin hadisi a masallacin Annabi, ya rasu a 1999 aka binne shi a Baƙi'a. Alhaji Aminu Ɗantata na Kano ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025, aka nemi izinin Saudiyya aka kai shi Madina, aka binne shi a nan ranar 1 ga Yuli. Alhajin da ajali ya riske shi a Madina kuwa, ko daga wane ƙauye ya fito, a al'ada ba a mayar da gawarsa gida. Jami'an alhazai ne ke cika takardu, a yi masa salla a masallacin Annabi, a sanar da iyalinsa ta waya, su yi zaman makoki a gida.

Yanzu manyan tituna da gine-gine sun kewaye maƙabartar, mazauna Madina sun haura miliyan 1, baƙi kuma ba sa yankewa duk shekara. Hanyar da ake bi don wuri ya ishi kowa ita ce wadda mutanen farko suka bi. Tsohon ɓangaren da ke kusa da ƙofa, inda sahabbai da iyalan gidan Annabi suke, an bar shi ba a haƙa. Sababbin ɓangarorin kuwa an kasa su gida-gida ana bi da bi: idan aka cika ɗaya sai a koma na gaba, bayan shekaru kuma, idan ƙasa ta cinye na ciki, a dawo a sake buɗe na farkon.